Charles Aznavour: Gajeren da Aka Ce Ba Shi da Muryar Waƙa

Daren 12 ga Disamban 1960, a zauren Alhambra da ke birnin Faris, wani gajeren mutum ɗan shekara 36 ya hau dandamali gaban jama'ar da akasarinsu ba masoyansa ba ne. Kujerun gaba cike suke da 'yan jarida da manyan masu harkar waƙa, mutanen da suka daɗe suna rubuta cewa muryarsa a dishe take, fuskarsa ba ta kallo ba ce, tsayinsa kuwa abin dariya ne. Ya yi waƙa bayan waƙa, zauren ya yi tsit, sai ɗan tafin da ake yi don kunya.

Sai ya ɗauko wata sabuwar waƙa mai suna "Je m'voyais déjà". Labarin wani mawaƙi ne da ya baro garinsu yana saurayi da niyyar mamaye Faris, ya tsufa bai taɓa ganin sunansa a saman allon talla ba, amma har gobe yana ɗora laifin a kan jama'ar da ba su gane shi ba. An ce an fara kai wa Yves Montand waƙar, ya ƙi ta. Aznavour bai tsaya ƙyam gaban makirufo ba. Yana rerawa yana shiri kamar mai shirin fita wasa: ya ɓalla maɓallan riga, ya ɗaura nakatai, ya zura kwat. Da waƙar ta zo ƙarshe sai ya juya wa 'yan kallo baya, kamar labule ne yake shirin buɗe masa ta wancan ɓangaren. Fitilu suka mutu. Da ya dawo gaisuwa, zauren gaba ɗaya yana tsaye ana tafi.

Wanda ya tsara wannan abu ba mawaƙi ba ne kawai, ɗan wasan kwaikwayo ne da ya gano cewa waƙar minti uku za ta iya ɗaukar fim guda sukutum. Masu ba da tarihinsa sukan raba shi gida biyu, su ce ga Aznavour na faifai, ga kuma na majigi. A ganina sana'a ɗaya ce, kuma ita ce ta cece shi daga hukuncin da aka yanke masa tun farko.

Gidan da ake jiran biza

An haife shi ranar 22 ga Mayun 1924 a Faris, sunansa na yanka Shahnour Vaghinag Aznavourian. Iyayensa Armeniyawa ne. Mahaifinsa Misha an haife shi a Akhaltsikhe ta ƙasar Jojiya, mahaifiyarsa Knar kuwa daga yankin Turkiyya ta fito, kuma ta rasa danginta a kashe-kashen da aka yi wa Armeniyawa daga 1915 a ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa, ba tamu ta Sakkwato ba. Yayarsa Aïda a Salonika ta ƙasar Girka aka haife ta a 1923, a kan hanya. Faris zango ne kawai a lissafinsu. Amurka suka nufa, suna jiran biza. Zangon ya zama gida.

Misha mawaƙi ne, Knar 'yar wasan kwaikwayo, amma a Faris babu mai biyan kuɗi ya ji waƙa da harshen Armeniya sai 'yan'uwansu 'yan gudun hijira, su kuwa aljihunsu a bushe yake. Suka buɗe gidan abinci, uban yana yi wa masu ci waƙa, yana kuma ciyar da duk wanda ya shigo da labarin talauci, har jarin ya karye. Uwar ta koma ɗinki. A irin wannan gida Charles ya tashi, inda ake magana da Armeniyanci da Rashanci a ɗaki, Faransanci a titi. Yana ɗan shekara 9 ya fara fitowa a wasan kwaikwayo na yara, karatunsa na boko kuma bai wuce firamare da nisa ba. Wannan rashi ya tsaya masa a rai har tsufa. Ya riƙa cewa shi ya koyar da kansa, da ƙamus da littattafan da yake karantawa kowane dare.

Da Jamus ta mamaye Faris a 1940, ɗan ƙaramin gidan Aznavourian ya zama maɓoya. Sun ɓoye Yahudawa, sun ɓoye Armeniyawan da suka gudu daga rundunar Jamus bayan an tilasta musu shiga. Cikin masu zuwa gidan akwai Missak Manouchian, marubucin waƙoƙi ɗan Armeniya wanda ya jagoranci wata ƙungiyar baƙi masu yaƙar mamaya. Jamusawa sun harbe shi ranar 21 ga Fabrairun 1944 a Mont-Valérien, matarsa Mélinée kuwa a wurin iyalin Aznavourian ta sami mafaka. Charles bai mai da wannan labari abin tinƙaho ba. Sai can a ƙarshen rayuwarsa aka yi ta bayyana shi, har a 2017 aka ba shi da Aïda lambar yabo ta Raoul Wallenberg saboda abin da gidansu ya yi.

A gindin Piaf

A shekarun yaƙin ne ya haɗu da Pierre Roche, mai kaɗa fiyano, ɗan masu hali, dogo, wato kishiyarsa ta kowace fuska. Suka zama abokan waƙa, Roche yana sa kiɗa, Aznavour yana rubuta baiti. A 1946 Édith Piaf, wadda a lokacin babu kamarta a waƙar Faransa, ta gan su a wani shirin rediyo, ta ɗauke su yawon wasa. Daga baya suka bi ta har Amurka, suka zarce Montreal ta Kanada a 1948, inda suka yi kasuwa a wani gidan rawa mai suna Au Faisan Doré. Roche ya yi aure a can ya zauna. Piaf ta ce wa Aznavour ya dawo ya tsaya da ƙafarsa.

Tsayuwar ta ɗauki lokaci. Kusan shekara takwas ya yi a gidan Piaf: shi ne direba, shi ne sakatare, shi ne mai kula da fitilun dandamali, shi ne abokin hirar dare. Kullum yana nanata cewa babu soyayya tsakaninsu, kuma bisa yadda Piaf take da samarinta, wataƙila shi ya sa zaman ya daɗe. Ita ce ta matsa masa aka yi masa aikin hanci. Ta rera wasu daga cikin waƙoƙinsa, ta yi watsi da wasu. Da ya kawo mata "Je hais les dimanches" ta ƙi, sai Juliette Gréco ta karɓa ta yi suna da ita, Piaf kuma ta yi fushi kamar an sace mata kaya. Bauta ce, amma makaranta ce. A gefen labule, dare bayan dare, ya ga yadda mace 'yar ƙarama cikin baƙar riga take kame zaure da hannaye biyu da ido. Ya kwashi darasin tas.

Matsalar ita ce kowa yana son abin da ya rubuta, babu mai son jin sa da bakinsa. Gilbert Bécaud da wasu suna ta samun nasara da baitocinsa, shi kuwa in ya hau dandamali ana yi masa ihu. Jaridu suka laƙaba masa sunayen ba'a kan disasshiyar muryarsa. Malaman murya suka ce ya nemi wata sana'a. Shi da kansa ya taɓa zama ya lissafa nakasunsa: murya, tsayi, motsin jiki, ƙarancin ilimi, faɗin gaskiya ba kwana-kwana. Ya duba jerin, ya ga ba abin da zai iya canzawa sai ilimin, sauran kuwa sai dai ya yi aiki da su. Ya yi ta horar da muryar har ta buɗe, ta kai daga ƙasa can zuwa sama, amma bai goge dishewar ba. A tsakiyar shekarun 1950 "Sur ma vie" ta fara buɗe masa ƙofa, Alhambra ta ƙarasa ɓalle ta.

Abin da yake rubutawa

A al'adar waƙar Faransa da ake kira chanson, baiti ne sarki, kiɗa bara ne. Wanda ya saba sauraron Shata ko Ɗan Maraya Jos ba zai sha wahalar gane wannan ba: ana zuwa ne a ji abin da mutumin zai faɗa. Sai dai Aznavour bai yi wa sarki ko attajiri waƙa ba. Mutanensa su ne waɗanda rayuwa ta ɗan taka: mijin da aurensa ya yi sanyi, ɗan wasan da bai yi suna ba, dattijon da ya farga cewa ƙuruciya ta tafi bai ƙirga ba.

Kuma yana faɗin abin da mawaƙan zamaninsa suke zagayewa. "Après l'amour" ta yi maganar miji da mata a shimfiɗa kai tsaye, har gidan rediyon gwamnati ya hana sa ta. A "Tu t'laisses aller" ta 1960, miji ne ya ɗan sha ya sami ƙarfin hali, yake zayyana wa matarsa yadda ta saki jikinta ta daina kwalliya ta koma masifa, kalma bayan kalma mai zafi, sai a ƙarshe murya ta karye ya roƙe ta ta dawo yadda take. Mace za ta iya cewa waƙar son kai ce irin ta maza, kuma tana da hujja. Babu wanda ya tambayi matar yadda shi ma ya koma. Amma ba a taɓa jin an shigo da faɗan cikin ɗaki dandamali haka ba. "La Mamma" ta 1963, wadda Robert Gall ya rubuta baitocinta, dangi ne suka taru daga ko'ina a bakin gadon uwa mai jinyar ajali, har da ɗan da aka yi wa baki. "Hier encore" ta 1964 nadamar shekarun da aka ɓarnatar ce, ya rubuta ta yana ɗan shekara 40, ya ci gaba da rera ta har ya wuce 90, kuma kowace shekara tana ƙara nauyi a bakinsa.

"La Bohème" ta 1965, wadda suka yi da Jacques Plante, ita ce aka fi saninsa da ita. Tsohon mai zane ne yake tuna unguwar Montmartre, lokacin da shi da abokansa suke kwana da yunwa suna jiran ɗaukaka, ya koma ya tarar unguwar ba ta gane shi ba. A dandamali Aznavour yakan fito da farin hankici, ya mai da shi tsumman goge burushi, ya riƙa zane a iska, ya goge yatsu, a ƙarshe ya sake shi ya faɗi ƙasa, 'yan sahun gaba su yi ta wawaso. Shekara hamsin yana wannan, kuma bai taɓa zama wasan yara ba, domin hannun ɗan wasa ne yake yi.

A 1972 ya fitar da "Comme ils disent", inda ya ari bakin wani ɗan daudu mai rawa a gidan dare, wanda yake zaune da tsohuwarsa, yake komawa ɗaki da asuba cikin kaɗaici. Na kusa da shi sun ja masa kunne cewa zai zubar da sunansa. Mai karatu yana da damar ƙin batun, kamar yadda Faransawa da yawa suka ƙi shi a lokacin. Abin lura ta fuskar sana'a shi ne mutumin da ke da mata da 'ya'ya ya shiga rigar wani ya yi magana da "ni" ba tare da ba'a ba, kamar yadda zai yi in darakta ya miƙa masa rawar a fim.

Gaban kyamara

Abin mamaki, masu fim sun riga masu waƙa karɓarsa. Fuskar da aka ce ba ta dace da dandamali ba, kyamara ta so ta: manyan idanu masu kama da na wanda bai yi barci ba, gira mai kauri, jiki ƙarami da kullum kamar yana neman hanyar fita. A 1959 Georges Franju ya ba shi rawar wani mai farfaɗiya da aka kulle a gidan mahaukata a fim ɗin "La Tête contre les murs", ya kuma sami lambar yabo a kanta. A 1960 ya fito a "Le Passage du Rhin" na André Cayatte, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Venis.

A shekarar dai François Truffaut, matashin daraktan da ya girgiza Faransa da fim ɗinsa na farko, ya gina na biyu a kan Aznavour. "Tirez sur le pianiste" labarin Charlie Kohler ne, mai kaɗa fiyano a wata mashaya ta bayan gari, wanda a da shahararren makaɗi ne mai suna Édouard Saroyan, ya gudu daga sunansa bayan matarsa ta kashe kanta. Truffaut ya ba jarumin sunan Armeniyawa da gangan. Akwai wurin da Charlie yake tafiya gefen yarinyar da yake so, yana ta shawara da zuciyarsa ko ya kama hannunta, yatsunsa suna matsowa suna janyewa, kafin ya yanke shawara ta riga ta wuce. Jarumin fim mai jin kunya, wanda tsoro ya fi ƙarfinsa, baƙon abu ne a lokacin. Fim ɗin bai yi kasuwa a Faransa ba, amma masu son fim a Amurka sun rungume shi, har ya zamana a New York an san Aznavour ɗan fim kafin a san yana waƙa.

Shekara ɗaya bayan haka ya fito tare da Lino Ventura a "Un taxi pour Tobrouk", labarin sojojin Faransa huɗu da fursunansu hafsan Jamus a hamadar Libiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya cika gidajen sinima. A 1979 ya taka rawar Sigismund Markus, Bayahude mai shagon kayan wasan yara, a fim ɗin Volker Schlöndorff na Jamus da aka sani da "Le Tambour" a Faransa, wanda ya ci babbar kyautar Palme d'Or a bikin fina-finai na Kan ya kuma ci Oscar. 'Yan mintuna ne kawai, amma suna cikin abin da mai kallo yake fita da shi. Claude Chabrol ya sa shi tela ɗan Armeniya mai tsoro a "Les Fantômes du chapelier" a 1982, Atom Egoyan kuma ya ba shi rawar darakta a "Ararat" a 2002. A 1997 aka ba shi César ta girmamawa, lambar yabon fina-finan Faransa.

Fina-finansa sun haura 60, kuma gaskiya da yawansu ba su cancanci a sake kallo ba. Ya karɓi ayyuka a manyan fina-finan haɗin gwiwa na shekarun 1970 da ba su ƙara masa komai ba sai kuɗi da tikitin jirgi. Da ya ba fim rabin himmar da ya ba waƙa, da Faransa ta sami ɗaya daga cikin manyan 'yan wasanta. Bai bayar ba, domin a waƙa shi ne marubuci, shi ne darakta, shi ne jarumi, babu mai ce masa yanke.

Kasuwa da haraji

Ɗan gudun hijirar da ya ga jarin ubansa ya karye bai yi wasa da lissafi ba. A 1963 ya kama hayar zauren Carnegie Hall na New York da kuɗinsa, a lokacin da ba a tabbatar zai cika shi ba, ya kuma cika shi. Ya gane abin da takwarorinsa irin su Georges Brassens ba su damu da shi ba: in baiti ne jarinka, to sai mai sauraro ya ji abin da kake faɗa. Don haka ya riƙa sake ɗaukar waƙoƙinsa da Ingilishi, Italiyanci, Sifaniyanci da Jamusanci. A 1974 waƙarsa "She", wadda Herbert Kretzmer ya rubuta wa baiti, ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, abin da mawaƙin Faransa bai saba samu ba. Elvis Costello ya sake rera ta a fim ɗin "Notting Hill" a 1999. Ya rubuta wa matasan da suka zo da kiɗan zamani, irin su Johnny Hallyday da Sylvie Vartan, tare da mijin yayarsa, Georges Garvarentz, wanda ya sa wa waƙoƙinsa da dama kiɗa. Jimillar abin da ya rubuta ko aka rubuta da shi ya wuce waƙa 1,000. A shekarun 1990 shi da Gérard Davoust suka sayi kamfanin buga waƙoƙi na Raoul Breton, mai riƙe da haƙƙin waƙoƙin Charles Trenet, mutumin da yake ɗauka a matsayin malaminsa.

A shekarun 1970 ya yi rigima da hukumar harajin Faransa har gaban kotu, ya kwashe iyalinsa ya koma Suwizalan. Ya yi ta cewa an zalunce shi, an mai da shi abin misali. Ko ma yaya ne, tabon bai goge ba, kuma akwai Faransawan da har ya mutu suna ganin mai waƙar talakan Montmartre ya kai dukiyarsa inda ba za a taɓa ta ba. A tsakiyar wannan rikici, a 1976, ɗansa Patrick ya rasu yana ɗan shekara 25.

Armeniya

Ya daɗe yana ɗaukar kansa ɗan Faris kawai wanda iyayensa suka zo daga wani wuri. A tsakiyar shekarun 1970, daidai cika shekara 60 da kashe-kashen 1915, shi da Garvarentz suka yi "Ils sont tombés" don tunawa da waɗanda suka mutu. Armeniyawa da akasarin masana tarihi suna kiran abin kisan ƙare dangi, Faransa ma ta amince da haka a dokance a 2001, Turkiyya kuwa har yau ba ta yarda da wannan suna ba. Aznavour ya tsaya kan a amince da abin da ya faru, amma ya riƙa cewa ba shi da gaba da al'ummar Turkiyya, har yana goyon bayan a buɗe iyakar ƙasashen biyu, matsayin da bai yi wa wasu 'yan'uwansa daɗi ba.

Abin da ya ɗaure shi da ƙasar kakanninsa ƙam shi ne girgizar ƙasar 7 ga Disamban 1988, wadda ta rusa Spitak da Leninakan, garin da yanzu ake kira Gyumri, ta kashe mutum kusan 25,000. Nan take ya kafa gidauniyar agaji, ya tara mawaƙa da 'yan fim kusan 90 suka rera "Pour toi Arménie" a farkon 1989, faifan ya yi makonni a matsayi na ɗaya a Faransa. Bai tsaya a faifai ba. Shekarun da suka biyo baya, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta wargaje, Armeniya ta shiga yaƙi da duhu da sanyi, gidauniyar ta ci gaba da aiki. An sa wa wani dandali sunansa a Yerevan, an kafa mutum-mutuminsa a Gyumri, an ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 2008, a 2009 kuma ya zama jakadan Armeniya a Suwizalan da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya na Janeba. In an tambaye shi shi ɗan ina ne, amsarsa ɗaya ce: Bafaranshe ne ɗari bisa ɗari, Ba'armeniye ɗari bisa ɗari, kuma bai ga abin da ya hana lissafin daidaita ba.

Har zuwa Osaka

Tsufa bai sauke shi daga dandamali ba. Kunne ya yi nauyi, ya sa na'urar ji. Baitoci suka fara kufce masa, ya sa allon da ke nuna masa rubutu, kuma shi da bakinsa yake gaya wa 'yan kallo, yana tsokanar takwarorinsa masu ɓoye nasu. Ya je Kyuba ya yi faifai da Chucho Valdés, ya ari muryarsa ga dattijon fim ɗin yara na "Là-haut" a 2009, an sa masa tauraro a titin Hollywood a 2017. A 2018 ya faɗi ya karya hannu, ya warke, ya tafi Japan. Wasansa na ƙarshe a Osaka ne, ranar 19 ga Satumba. Kwana uku kafin rasuwarsa yana talabijin yana cewa burinsa ya yi waƙa ranar da ya cika 100. Ya rasu ranar 1 ga Oktoban 2018 a gidansa na Mouriès a kudancin Faransa, yana da shekara 94. Ranar 5 ga wata aka yi masa taron karramawa na ƙasa a Invalides da ke Faris, Shugaba Emmanuel Macron da Firaministan Armeniya Nikol Pashinyan suna tsaye gefe da gefe.

Magadansa ba daga inda ake zato suka fito ba. Dr. Dre ya ɗauki kiɗan "Parce que tu crois" ya gina "What's the Difference" a kai a 1999. A Faransa kuwa, 'yan rap na unguwannin bayan gari, 'ya'yan baƙi daga Afirka da Karebiyan, su ne suka fi riƙe shi uba, shi ma ya riƙa kare su a fili yana cewa a wurinsu rubutun waƙar Faransa yake raye yanzu. A 2008 ya shiga faifan Kery James ya rera tare da shi. Fim ɗin tarihinsa, "Monsieur Aznavour", ya fito a 2024, shekarar da zai cika 100, kuma shekarar da aka kai gawar Missak da Mélinée Manouchian hubbaren Panthéon. Mehdi Idir da mawaƙin baka Grand Corps Malade ne suka ba da umarni, wanda ya taka rawar Aznavour kuwa shi ne Tahar Rahim, haifaffen Belfort, ɗan baƙi daga Aljeriya, wanda ya shafe watanni yana koyon waƙa da fiyano kafin a kunna kyamara.